Dabba nawa suka duba? Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa masu binciken namun daji

Wannan shi ne bayanin hirar da muka yi a shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. Mun rubuta shi ne saboda waɗanda suke daji ko suke kan hanya lokacin da aka watsa shirin, da kuma waɗanda tashar ba ta kama musu da kyau ba a ranar.

Wani dattijo makiyayi ne ya jawo maganar. Ya bugo mana waya ya ce: "Ɗana, kullum muna jin ku kuna cewa masana sun gano kaza, masana sun tabbatar da kaza. Wai raƙumin dawa na Kure daban yake da na Kamaru. Wai suna duban hauren giwa su faɗi dajin da aka kashe ta. To ni na yi shekara hamsin ina bin shanu, har yau akan sami saniyar da za ta ruɗa ni. Su ba sa ruɗewa ne?"

Na ce masa: "Baba, suna ruɗewa mana. Har ma suna da lissafin da suke auna ruɗewar tasu da shi."

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Irin wannan bincike ne hukumomi ke riƙewa a hannu idan za su ja iyakar gandun daji, ko su hana kiwo a wani yanki, ko su tsananta bincike a kan wata hanya. Idan lissafin ya yi kyau, kowa ya amfana. Idan ya zame, makiyayi na iya rasa burtali a banza, ko kuma wata dabba ta ƙare a daji alhali takarda na cewa tana nan da yawa.

Yadda ake tantance dabba da lissafi

Mu ɗauki zabi, tunda kowa ya san su. Bambanta zabo da zabuwa da ido abu ne mai wuya. Masu kiwonsu sukan saurari kuka, domin kukan macen mai gaɓa biyu ne, ko su dubi ƙahon ka da jan naman da ke gefen baki, waɗanda na namijin sukan fi girma. Amma duk da haka akan yi kuskure, balle idan ba su gama girma ba.

To shi mai bincike ga yadda yake yi. Zai kama zabi, a ce guda 40. Zai auna nauyin kowanne, da tsawon fiffike, da tsayin ƙahon ka. Sannan ya ɗibi jini a gwada, don ya san tabbas wanne ne namiji wanne ne mace. Sai ya zuba alƙaluman nan a kwamfuta, ita kuma ta fitar masa da ƙa'ida: duk wanda awonsa ya haura kaza namiji ne, wanda ya gaza mace ce. Daga nan idan ya shiga daji ba ya buƙatar gwajin jini, awo kawai zai yi ya duba ƙa'idarsa.

Kun ga ai abin da dillali ke yi ne a kara. Ya ga dubban shanu, ya haɗa ƙa'ida a kansa, da ya kalli ƙaho da tozo da launi sai ya ce wannan Azawak ce, waccan jar Bororo ce. Bambancin kawai shi ne mai bincike yana rubuta tasa da alƙaluma. Waɗancan zabi 40 da ya koyi ƙa'idar a kansu su ake kira samfur. Kuma duk ƙarfin ƙa'idar daga samfur ɗin yake fitowa.

Damƙa ɗaya daga buhu

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Idan za ka sayi buhun gero ba ka zazzage shi duka, damƙa kake ɗiba ka duba. Amma ka san damƙa ɗaya na iya yaudararka, shi ya sa kake soka hannu sau biyu ko uku.

Haka abin yake a lissafi, sai dai a nan ana iya faɗin iyakar yaudarar. A ce mai bincike ya gwada ƙa'idarsa a kan zabi 10, ta dace a kan 9. Zai iya cewa ƙa'idarsa tana dacewa kashi 90 cikin 100, kuma bai yi ƙarya ba. Amma masana ƙididdiga za su ce masa, da gwaji 10 kacal, ainihin ƙarfin ƙa'idar na iya kasancewa ko'ina daga kusan kashi 60 har zuwa kashi 98. Wato tana iya zama gangariya, tana kuma iya zama wadda ta ɗara canki-canka da kaɗan.

Idan kuwa a kan zabi 100 ya gwada ta dace a kan 90, tazarar ta tsuke, ta koma tsakanin kusan kashi 83 da 94. Idan 1,000 ne ta dace a kan 900, to tsakanin 88 da 92 ne. Ku lura, su ukun nan duk "kashi 90" za su faɗa a rediyo. Amma nauyin maganarsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma wani abu da ke ba masu bincike wahala. Idan kana so ka rage tazarar nan da rabi, ninka samfur sau biyu ba ya isa, sai ka ninka shi sau huɗu. Ga shi kuma naman daji ba ya tsayawa a auna shi kamar tunkiya. Kama zaki ɗaya a yi masa allurar barci aiki ne na kwanaki da kuɗi masu yawa. Dalili ke nan da ya sa bincike da yawa kan namun daji suke tsayawa a kan dabbobi 'yan ƙalilan.

Wani tarkon kuma shi ne yawan awo a kan dabbobi kaɗan. Idan zabinka 12 ne, ka auna abu 10 a jikin kowanne, kwamfuta ba za ta rasa ƙa'idar da za ta raba su daidai ba. Amma hadda ta yi, ba ta koyi komai ba. Kamar yaron da ya san shanun gidansu goma da sunayensu ne, ba ya taɓa kuskurensu, amma da ka kai shi kasuwar shanu sai ido ya raina fata.

Ɗalibin da ya duba jarrabawar kansa

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta biyu: a kan waɗanne dabbobi aka gwada ƙa'idar? Idan a kan waɗanda ta koya ne, to an ba ɗalibi tambayoyin da ya riga ya ga amsarsu. Dole sakamako ya yi kyau fiye da gaskiya.

Masana suna da dabarar kauce wa haka. Sai a ware dabba ɗaya a ajiye gefe, a gina ƙa'ida da sauran, sannan a kawo waccan a ga ko ƙa'idar za ta gane ta. A mayar da ita cikin garke, a ware wata, a sake. Haka za a yi ta yi har kowacce ta taɓa zama baƙuwa sau ɗaya. Adadin da ya fito daga wannan gwaji ya fi kusa da abin da zai faru a daji.

A shekarar 2011 wasu masana uku na jami'ar birnin Dijon a Faransa sun bi diddigin wannan matsala. Suna da awon ɗaruruwan kurciyoyi na tsibirin Barbados, waɗanda an riga an san maza da matansu ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta. Sai suka riƙa ɗibar 'yan kaɗan daga ciki suna gina ƙa'ida, su mayar, su sake ɗiba, sau da yawa. Suka ga cewa idan samfur ƙarami ne sakamakon yana ta tsalle, wannan ɗiba ta ba da maki mai yawa, ta gaba ta ba da kaɗan, alhali kurciyoyin ba su sauya ba. Wato mai ƙaramin samfur na iya yin sa'a kawai, ya ɗauka gwaninta ce.

Darasin sawun damisar Indiya

Ga misalin abin da rashin gwaji ya jawo. A Indiya akwai babbar damisa mai zane-zane a jiki, wadda ake kira taiga. Shekaru da dama ma'aikatan gandun daji na ƙasar suna ƙidaya ta ne da sawu. Sukan zana sawun a takarda ko su ɗauki siffarsa, bisa imanin cewa sawun kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta.

Makiyayi zai ce ai wannan ba abin mamaki ba ne, mu ma muna bin sawun saniyarmu idan ta ɓata. Gaskiya ne. Amma kai saniyar da ka sani kake bi, ka raine ta, ka san yadda take taka ƙasa. Su kuwa dabbobin da ba su taɓa gani ba suke so su rarrabe, a ƙasa iri-iri, wata yashi wata laka.

Wani masani ɗan ƙasar, Ullas Karanth, ya yi wani gwaji mai sauƙi da ya wallafa a 1987. Ya ɗauki zanen sawu 33 na damisa 4 kacal da ke tsare, ya ba ƙwararrun ma'aikata ya ce su faɗi damisa nawa ne. Amsoshinsu suka kama daga 6 har zuwa 24. Babu wanda ya ce 4.

Duk da haka aka ci gaba da ƙidaya da sawu. A 2002 hukuma ta ce akwai damisa 3,642 a ƙasar. A farkon 2005 sai aka wayi gari babu damisa ko ɗaya a gandun Sariska da ke jihar Rajastan, mafarauta sun gama da su, alhali a takarda ana lissafin suna nan. Bayan wannan abin kunya aka sauya hanya, aka koma kafa kyamarori a daji masu ɗaukar hoto da kansu, ana bambanta kowace damisa da zanen jikinta. Ƙidayar 2006 ta ba da 1,411. Wani ɓangare na wannan raguwa aikin mafarauta ne, amma wani ɓangaren damisa ne da tun asali a takarda kawai suke.

Daga ina aka ɗebo samfur?

Tambaya ta uku ita ma 'yan kasuwa sun san ta. Ko damƙa goma ka ɗiba, idan duk daga bakin buhu ne, ba ka san abin da ke gindinsa ba. Yawa kaɗai ba ya wadatarwa, sai an ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa. Ƙa'idar da aka koya a kan shanun Azawak ba za ta yi aiki a kan shanun Kuri na tafkin Cadi ba, masu kumburarren ƙaho. Kuma abin lura, kwamfuta ba ta iya cewa "ban san wannan ba" sai an tsara ta haka. Abin da ta sani za ta laƙaba wa baƙon, ko ya dace ko bai dace ba.

A nan ne maganar hauren giwa da Baba ya tambaya ta shigo. Samuel Wasser na jami'ar Washington a Amurka shi da abokan aikinsa sun yi shekaru suna tattara samfur na giwayen Afirka, da yawansu daga kashin giwa, suna karanta ƙwayoyin halittar da ke ciki. Giwayen yanki ɗaya dangi ne, don haka jininsu ya fi kama da juna. Da wannan suka zana taswira. Idan kwastan, ko duwan kamar yadda muke faɗi a nan, suka kama haure, sai a gwada shi a ga giwayen wane yanki ya fi kama da su.

A rahotonsu na 2004, da giwaye kusan 400 daga wurare 28, rabin samfuran da suka gwada ne lissafi ya ajiye su cikin tazarar kilomita 500 daga ainihin inda suka fito. Kilomita 500 fa ya fi nisan Yamai zuwa Birnin Konni. Ba su ɓoye wannan rauni ba, sun faɗe shi, suka ci gaba da tarawa. Zuwa 2015 taswirar ta ƙunshi giwaye 1,350 daga wurare 71 a ƙasashe 29. Da ita suka binciki manyan kamu 28 na haure da aka yi tsakanin 1996 da 2014, kowanne ya haura rabin tan. Sakamakon ya nuna cewa mafi yawan hauren da aka kama bayan 2006 daga wurare biyu ya fito: kudancin Tanzaniya da arewacin Mozambik, sai kuma kurmin da ya haɗa Gabon da Kongo da kudu maso gabashin Kamaru da gefen Afirka ta Tsakiya.

Kun ga amfanin samfur mai faɗi. Tashar jirgin ruwan da aka kama kaya sau da yawa ba a ƙasar aka kashe giwar ba. Idan an san ainihin wurin, sai a kai jami'an tsaro can, maimakon a zargi kowane fatake da ya bi hanya.

Akwai wata yaudarar alƙaluma kuma da ta shafi makiyaya. A ce cikin dabbobi 100 da aka kashe wa mutane a wani yanki, 95 kura ce ta kashe, 5 zaki. Wanda duk gawar da aka nuna masa ya ce "kura ce" zai dace kashi 95 cikin 100, ba tare da ya gane aikin zaki ko sau ɗaya ba. Saboda haka a riƙa tambaya, cikin irin da ba shi da yawa, nawa ƙa'idar ta gane?

Raƙuman dawa na Kure

Yanzu mu dawo gida. Raƙuman dawan da ke yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai, su ne kaɗai suka rage na irinsu a duniya, in ban da 'yan kaɗan da aka kai Gadabeji. A 1996 saura 49 kacal. Albarkacin kariya da haƙurin manoma da makiyayan da ke zaune da su, zuwa 2018 sun haura 600. A shekarar ce aka ɗauki 8 aka kai su Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800.

Wajen ƙidayarsu ba a dogara da damƙa ba, buhun ake zazzagewa. Tunda ba su da yawa kuma ba sa gudun mutane, ana ɗaukar hoton kowanne dama da hagu, domin tambarin jikin kowane raƙumin dawa nasa ne shi kaɗai. Shi ya sa alƙaluman Kure suke da ƙarfi.

Amma wajen sanin irinsu an daɗe ana ruɗewa. Da can da launi da tambari ake rarraba su, aka ɗauka na Kamaru da na Cadi da na Nijar duk iri ɗaya ne. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A 2007 gwajin ƙwayoyin halitta da masana a Faransa suka yi ya nuna cewa na Waza a Kamaru da na Zakuma a Cadi irin Kordofan ne. Har waɗanda ke gidajen namun daji na Turai da sunan 'yan Afirka ta Yamma, ashe su ma na Kordofan ne. Wato idan na Nijar suka ƙare babu wasu a ajiye a ko'ina.

Babbar muhawarar kuma ita ce, raƙumin dawa a duk Afirka jinsi ɗaya ne ko fiye? A 2016 Julian Fennessy da Axel Janke da abokan aikinsu suka gwada samfurin fata na raƙuman dawa 190, suka ce jinsi huɗu ne. Wasu masanan suka ƙi yarda, suka ce hujjar ba ta isa ba. A 2021 aka karanta ilahirin ƙwayoyin halittar guda 50, aka sake samun huɗu. A 2024 aka auna ƙoƙon kai 515, siffar ƙashin ta goyi bayan haka. Sai a watan Agustan 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta amince da jinsi huɗu. Shekara tara ke nan ana ƙara samfur, ana sauya hanyar gwaji, kafin maganar ta zauna.

Me ya sa wannan ya dame mu? Idan aka haɗa su jinsi ɗaya, raƙuman dawa sun haura 100,000 a Afirka, mutum zai ce da sauransu. Idan aka raba, jinsin arewa, wanda na Nijar da na Kordofan da na Nubiya ke ciki, bai kai 10,000 ba. Daga irin wannan lissafi ne ake yanke inda kuɗin kariya za su tafi, da dajin da za a fi sa wa ido.

Abin da za mu riƙe

Saboda haka Baba, da sauran iyayenmu makiyaya da 'yan kasuwa, duk ranar da wani ya zo ruga ko taron gari da takarda yana cewa bincike ya nuna kaza, ku tarbe shi da mutunci, sannan ku tambaye shi. Dabba nawa kuka duba? Daga ina da ina kuka ɗebo su, kuma a wane lokaci, rani ko damina? Da kuka gwada ƙa'idarku, a kan sababbin dabbobi ne ko a kan waɗanda kuka koya da su? Cikin ɗari sau nawa take kuskure? Mai binciken kirki ba zai ji haushi ba, domin tambayoyin da 'yan'uwansa masana ke yi masa ke nan kafin su karɓi aikinsa. Wanda ya ce tasa hanyar ba ta kuskure sam, shi ne za ku yi hattara da shi.

Mu ma muna da abin bayarwa. Makiyayi ya san mashayar da giwa ke zuwa, ya san watan da raƙumin dawa ke barin tudu ya gangara kwari, ya san lungun da motar masu bincike ba ta taɓa shiga ba. Idan aka tambaye ku kuka faɗi gaskiyar abin da kuka gani, ba ƙari ba ragi, kun taimaka an soka hannu har gindin buhu, kuma hukuncin da za a yanke a kan dajin da kuke kiwo zai fi kusa da adalci.

Mu ma a nan tashar mun ɗauki darasi. Daga yanzu idan za mu karanta muku labarin wani bincike, za mu yi ƙoƙari mu faɗa muku adadin dabbobin da aka duba. Wanda ke da tambaya ko gyara ya bugo mana a lokacin shiri kamar yadda aka saba. Allah ya tsare dukiya, ya kai matafiya gida lafiya.